Tozo Uku a Zanen Yaya

Ni ne na cire tozon. Gara in faɗa tun daga farko, domin kwana tara na yi da maganar nan a baki, ban haɗiye ba, ban kuma tofar ba.

Mu bakwai ne a kamfaninmu, ɗaki ɗaya a hawa na biyu, saman wani shagon tayoyi da warin roba ke hawo mana ta taga duk rana. Manhajar zane muke yi. Mutum ya ja akwati a fuskar kwamfuta, ya ja wani, ya haɗa su da layi. Masu ofis na zana waye ke ƙarƙashin wa, malamai na zana darasi, masu aikin famfo da masu aikin wuta na zana hanyar bututu da ta waya. Akwatunanmu ba su da laifi. Layukan haɗin ne abin kunyarmu. Ka matsar da akwati kaɗan, layi ya tsinke ya tsaya yana lilo. Wani ya ratsa ta tsakiyar akwati ya rufe rubutu. Har wani ya taɓa rubuto mana cewa zanensa ya koma kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Oga ya karanta mana wannan a taron safe, ya dube ni ya ce, "Kai ne mai son abu a miƙe. Ga layuka nan, miƙe su."

Bai yi ƙarya ba. Ni ko hoto na gani a karkace a bangon gidan mutane sai hannuna ya yi ta ƙaiƙayi. Wata huɗu na yi a kan aikin, kuma ba cika baki ba, ya yi kyau. Na koya wa layi ya manne da akwatinsa duk inda aka ja shi. Na koya masa ya kewaye abin da ya tare masa hanya, ya yi kwana a natse. Da zarar an matsar da akwati ɗaya, layukan da ke kusa sai su sake shimfiɗa kansu tsaf. Ranar da na nuna a ofis har tafi aka yi mini, ni kuwa kaina ya kumbura ya kusa taɓa fanka.

Abu ɗaya ya rage da ke ɓata mini rai. A tsohuwar manhajar, inda layi ya tsallake wani layi ba tare da sun haɗu ba, yakan yi ɗan lanƙwasa kamar rabin zobe. A ofis tozo muke ce masa, don ya yi kama da tozon bijimi. Na tsani abin nan. Sai na tsara cewa duk layin da ya sake shimfiɗa kansa, ya wuce a miƙe, ba tozo. Ba mantuwa na yi ba, da gangan na yi.

Mai gwada mana manhaja wata mata ce da ta girme ni da kusan shekara goma, tabarau kullum a goshi. Ba ta barin komai ya fita sai ta ce "tsaya tukuna", har sunan ya bi ta. Kwana biyu kafin mu saki sabon zubin manhajar ta jawo kujera ta zauna gefen teburina.

"Tsaya tukuna," ta ce. "Na buɗe tsohon zane, na matsar da akwati ɗaya, tozon da ke kusa ya ɓace."

"Haka ake so."

"Wa yake so?"

"Duk mai ido."

"To wanda ya dogara da tozon fa? Yanzu ta yaya zai gane layin da ya tsallake da wanda ya haɗu?"

"Haba, Anti," na ce, ina 'yar dariyar nan ta wanda aka yi wa tafi. "Wa ke kallon tozo? Kwalliya ce ta mutanen da."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta tashi. A ƙarƙashin rahoton da ta shigar na rubuta, "Ba matsala ba ce, kwalliya ce." Na rufe shi. Muka saki sabon zubin, ya shiga kwamfutocin mutane da kansa kamar yadda ya saba, ba wanda ya tambaye su.

Yanzu bari in faɗi dalilin da ya sa ba ni da bakin cewa ban sani ba. Yayana mai aikin wuta ne. Ya girme ni da shekara goma sha shida, kuma shi ya riƙe ni tun ina makarantar firamare. Shekara ashirin da biyu yana shugabantar masu aikin wuta a wani kamfanin robobi. A gida Auta yake ce mini. A gaban mutane kuwa sai ya bubbuga kafaɗata ya ce, "Ga Injiniya nan," yana wani ɗaga ƙirji kamar shi ya ƙera ni. Tun da muka fara manhajar ya ajiye fensir da rula ya koma kanta, duk da yatsunsa sun yi wa linzamin kwamfuta kauri. Ya tilasta wa duk sashensu su koya. In aka yi ƙorafi sai ya ce, "Ta ƙanena ce, ku yi haƙuri da ita."

Yaya ɗan tsohuwar makaranta ne a zane. Wasu suna ɗiga ɗigo inda waya biyu suka haɗu. Shi ba ya yi. Ƙa'idarsa ita ce, in layi ya ratsa layi babu tozo, to haɗe suke, a ɗaure su. In da tozo, ba ruwan wannan da wancan. Ina ɗan shekara tara ya koya mini wannan, muna kwance rub da ciki a kan siminti, yana zanawa a bayan kwalin sabulu. Da hannuna na yi ta zana masa tozo yana gyara mini. Duk wannan yana cikin kaina ranar da na ce kwalliya ce.

Mako uku bayan sakin sabon zubin, ranar Asabar da hantsi, na je gidansu kamar yadda na saba. Matarsa ce ta buɗe ƙofa. Kullum sai ta tsokane ni da cewa ga tuzurun gida ya zo cin banza, amma ranar ko murmushi ba ta yi ba. Ta nuna mini falo da haɓa.

Yaya na zaune, takarda ɗaya shimfiɗe a kan tebur, kwamfutarsa a buɗe gefe. Ko gaisuwata bai amsa sosai ba.

"Zauna, Auta. Na yi ɓarna a wurin aiki."

An kawo musu sabon inji, ya ce. Sai ya buɗe zanen allon wutar da ya yi shekara biyu da suka wuce, wato babban akwatin ƙarfen da wayoyin injuna ke haɗuwa a ciki, ya matsar da akwati ɗaya don sabon injin ya samu wuri, ya buga a takarda, ya sa hannu, ya miƙa wa Dogo. Dogo abokin aikinsa ne na shekara goma sha biyar, mutumin da ko Yaya ya zana masa hanyar rijiya zai bi. Ya bi takardar layi bayan layi. Da aka tayar da wuta, allon ya yi ƙara, inji ɗaya ya ƙone, Dogo ya ƙone a bayan hannu. Aiki ya tsaya kwana huɗu.

"Dubi nan," Yaya ya ce, ya ɗora yatsa. "Da nan. Da nan. Wuri uku. Babu tozo."

Na duba. Layukana ne, a miƙe, tsaf, gwanin kyau. Tun kafin ya ɗaga yatsa daga wuri na uku na riga na san komai.

"Abin da ya fi damuna," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ina tuna ranar da na sa su. Wallahi ina gani a idona. Na buɗe sauran zanen da na yi, duk tozonsu na nan. Wannan ne kawai babu. To ko dai ban sa ba nake ganin na sa, ko na goge ban sani ba." Ya juyo ya dube ni. "Auta, faɗa mini. Manhajar nan taka tana iya goge abu da kanta?"

Matarsa na tsaye a bakin ƙofar kicin da tsumma a hannu. Kwana goma kenan da Oga ya ɗora ni a kan sauran masu rubuta manhaja saboda aikin layukan nan, kuma Yaya ya riga ya buga wa dangi waya ya faɗa musu ɗaya bayan ɗaya. Na tuna injin da ya ƙone, na tuna hannun Dogo, na hango sunan kamfaninmu a bakin manajansu. Duk wannan ya wuce ta kaina cikin ƙiftawar ido.

"A'a," na ce. "Ba ta goge komai sai in mutum ya taɓa."

Ka ji irin ƙaryar masu ilimi. Ai ya taɓa, ya matsar da akwati. Na ma ji daɗin yadda na tsara maganar, na ɗan lokaci.

Yaya ya gyaɗa kai a hankali. "Haka na yi zato," ya ce. Ya naɗe takardar gida huɗu. "Da hannun riga Baba ya fara."

Ban yi tunanin nan zai nufa ba, kuma ya kamata in yi. Mahaifinmu tela ne. Yana da shekara hamsin da uku ya yanka wa wani mutum riga da hannun hagu guda biyu, ya kuma rantse cewa daidai ya yanka. Aka yi dariya a lokacin. Bayan shekara ya fara ɓata a hanyar shagonsa. Bayan shekara huɗu ya dubi Yaya, wanda ke masa wanka kullum, ya tambaye shi ɗan gidan waye. Ni ina ƙarami, abin da na gani kaɗan ne. Yaya ne ya gani duka. Kuma bana Yaya ya cika hamsin da biyu.

"Haba Yaya, kuskure ne kawai, kowa na yi," na ce.

"Shekara ashirin da biyu ban taɓa yi ba," ya ce.

Na fita daga gidan ban ci komai ba. A mota na ce wa kaina gobe zan faɗa masa, in matarsa ba ta kusa. Gobe ta zo na ce sai na gyara abin tukuna, don in je masa da magani a hannu. Mutum in yana son ya yi wa kansa wayo ba ya rasa dalili, kuma dalilaina duk masu kyau ne.

Ranar Litinin na riga kowa zuwa ofis. Mayar da tozo bai ɗauke ni ko awa biyu ba. Wannan ma ya ƙara mini takaici, abin da awa biyu ke gyarawa. Na saka gyaran cikin jerin ƙananan abubuwan da za su fita mako mai zuwa, na rubuta masa suna mara laifi, "daidaita kamannin layi". Na yi zaton zai wuce shiru.

Kafin azahar Tsaya-tukuna ta jawo kujerarta.

"Tsaya tukuna. Mene ne daidaita kamannin layi?"

"Ɗan gyara ne."

"Na gwada. Tozo ne ya dawo." Ta sauke tabarau daga goshi ta sa a ido, abin da ba ta yi sai magana ta yi nauyi. "Kwalliyar ce ka yi kewa, ko wani abu ya faru?"

"Na sake tunani ne kawai."

"Kai? Ka sake tunani?" ta ce. "To ji nan. In wani abu ya faru, maido da tozo a ɓoye bai wadatar ba. Akwai mutanen da suka riga suka buga zanensu a takarda cikin makonnin nan. Takarda ba ta sabunta kanta. Sai an aika wa kowa saƙo."

"Zan yi magana da Oga."

"Yaushe?"

"Kwanan nan."

Ta koma teburinta ta sake buɗe tsohon rahoton da na rufe, ta bar shi a buɗe da rubutuna a ƙasa. Duk lokacin da na duba jerin aiki sai na ci karo da shi. Ba matsala ba ce, kwalliya ce.

A kwanakin nan Yaya ya fara canzawa. Matarsa ta kira ni ta ce ya sayi ɗan littafi yana rubuta duk abin da ya yi, har rufe ƙofa. Yakan fita ya kai bakin titi ya dawo ya taɓa kwaɗo. A wurin aiki ya daina sa hannu a komai sai wani ya duba masa, shi da mutane ke kawo wa aiki ya duba. Ranar Laraba ya kira ni da yamma muka yi hira, bayan awa ɗaya ya sake kira ya ce, "Auta, na kira ka ɗazu, ko?" Na ce e. Ya ce, "Yauwa. Gwada kaina nake yi." Ya yi 'yar dariya. Na kashe wayar na zauna a gefen gado ina jin kunyar kaina kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa.

Ranar Juma'a da safe ya ce in raka shi asibiti. Bai so matarsa ta je, kada ta ji abin da likita zai faɗa. Na ɗauke shi a motata. A hanya ya yi ta karanta allunan shaguna a bayyane, yana maimaitawa bayan mun wuce.

Likitar matashiya ce, mai haƙuri. Ta tambaye shi ranar wata, ya faɗa. Ta ce ya zana agogo ya sa shi a ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma, ya zana shi da kyau kamar na sayarwa. Sai ta faɗa masa kalmomi uku, kujera, lemo, gada, ta ce ya riƙe su za ta tambaya anjima. Ta yi masa wasu tambayoyin. Ina zaune a kujerar bango ina kallon ƙeyarsa, gumi na gangarowa cikin wuyan rigarsa duk da sanyin ɗakin.

"To, Baba, kalmomin nan uku fa?"

"Kujera," ya ce. "Lemo." Ya tsaya. Ya buɗe baki ya rufe. Ya damƙe gwiwarsa da hannu. Tsoro ne kawai ya kulle masa kai, ko makaho ya shigo ɗakin zai gane. Ya juyo ya dube ni, irin kallon da na riƙa yi masa ina yaro in malami ya tsare ni da tambaya.

Gada, nake faɗa a zuciyata. Gada, Yaya. Abin da layi ke yi in ya tsallake layi. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina.

Likitar ta ce bai kamata a yanke hukunci da kalma ɗaya ba, damuwa ma na sa haka, ya dawo bayan wata uku. Ta tambaya ko akwai wani abu da ya faru kwanan nan da ya tayar masa da hankali. Yaya ya ba ta labarin zanen. Ta juyo wurina ta ce, "Kai da kake kusa da shi, ka lura da wani abu?" Na ce ban lura da komai ba. Wannan kaɗai ce gaskiyar da na faɗa a makon, ita ma don ta rufa mini asiri na faɗe ta.

A mota ya ce, "Na gode, Auta. Da ba ka nan da ban iya shiga ba."

Ranar Litinin da rana, kwana tara cif da ganin takardar, ya kira ni ya ce in biyo ta gida in ina da sarari. Na bar ofis na tafi. Matarsa ta fita, yara na makaranta. Jakar kayan aikinsa na kan tebur, tsohuwar jakar fata da hannunta ya sha ɗinki. Ya fito da komai ya jera, filaya uku, sukundireba, mitar auna wuta, testar gwada waya mai jan kai da ya hana ni taɓawa ina yaro. Yana goge su ɗaya bayan ɗaya da tsumma.

"Dogo zan ba," ya ce. "Hannunsa ya fara warkewa." Ya turo mini kwamfutarsa da wata takarda da ya rubuta da biro. "Buga mini wannan. Kai ka fi ni iya tsara magana."

Takardar ajiye aiki ce. Na fara bugawa, don ban san me zan yi da hannuwana ba. Ina mai sanar da ku. Bayan shekara ashirin da biyu. Sai na zo wani layi da ya soke ya sake rubutawa sau biyu. Ba na so in jira sai na kashe wani kafin in yarda kaina ya fara taɓuwa.

Na ɗauke hannu daga kan kwamfutar.

"Yaya."

"Na'am. Rubutun ne bai fita ba?"

Na rufe takardar na buɗe manhajar, wadda gyarana bai iso ta ba tukuna, na nemo wani tsohon zanensa, na wani allon daban, mai tozo biyar. Na juya masa kwamfutar.

"Ƙirga tozon."

Ya dube ni da mamaki, ya ƙirga. "Biyar."

"Kama akwatin nan ka matsar da shi kaɗan."

Ya ɗora babban hannunsa a kan linzami ya ja. Layukan suka motsa, suka kewaye, suka miƙe tsaf, yadda aka yi mini tafi a kai. Tozo biyu suka ɓace a gaban idonsa.

Ya daɗe yana kallon fuskar kwamfutar. Ya sake jan wani akwatin, wani tozon ya tafi.

"Ni na sa ta yin haka," na ce. "Ka sa tozonka, Yaya, duka ukun. Ranar da ka matsar da akwati don sabon inji, ita ta cire su. An faɗa mini a ofis kafin mu sake ta, na ce kwalliya ce."

Abin da ya yi ban zata ba. Dariya ya fashe da ita. Ya dafe kai da hannu biyu yana dariya, hawaye na zuba, yana cewa, "Ashe na sa! Alhamdu lillahi, ashe na sa! Na ce ina gani a idona!" Ya miƙe ya zagaya falon ya dawo. "Gada!" ya ce, ya buga tebur har filaya ta yi tsalle. "Kalmar likitar nan gada ce! Tun a mota ta dawo mini, na ji kunyar faɗa." Ya kama kafaɗata ya girgiza. "Kai Auta, Allah ya shirye ka. Kuskure ne, kowa na yi. Inji ne, za a gyara. Kai, bari in kira ta in faɗa mata."

Ya ɗauki waya. Na ji wani sanyi na shigata, har na fara tunanin shi kenan, na tsira. Ya fara neman lambar matarsa, sai yatsansa ya tsaya. Ya ajiye wayar a hankali.

"Yau ka gano?"

Ƙofar tsira a buɗe take. In na ce e, ya wuce har abada, kuma zai yarda, don bai taɓa ƙin yarda da ni ba.

"A'a."

"Yaushe?"

"Ranar da ka nuna mini takardar."

Ya zauna. Na ga leɓɓansa na motsi, yana ƙirga kwanaki, kuma bai ɓata ko ɗaya ba.

"Da na tambaye ka ko tana goge abu da kanta."

"Na sani."

"Da na kira ka ranar Laraba."

"Na sani."

"A asibiti. Da na juyo na dube ka."

Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba, kuma ba na fatan in sake ji. Na so ya zage ni, ya ɗaga hannu ya kwaɗa mini mari kamar ranar da na taɓa waya da jiƙaƙƙen hannu ina yaro. Bai yi ko ɗaya ba. Ya jawo jakarsa ya fara mayar da kayan ciki, kowanne a aljihunsa, testar mai jan kai a ƙarshe. Ya ɗauki takardar ajiye aikin ya yaga biyu ya sa a aljihu. Sannan ya zaro zanen nan mai ninki huɗu, ya shimfiɗa, ya ɗauki biro ya zana tozo uku da hannunsa, kowanne a wurinsa, ko duba kwamfuta bai yi ba.

"Akwai wasu da suka buga irin wannan takardar?" ya tambaya, idonsa a kan zanen.

"Za a iya samu."

"To me kake yi a nan?"

Na miƙe. Na tsaya a bakin ƙofa ina neman abin faɗa. "Yaya, ka yafe mini."

"Je ka aika musu saƙo kafin wani ya tayar da wuta."

Na aika. A cikin mota, a ƙofar gidansa, na kira Tsaya-tukuna na faɗa mata komai, na kira Oga na sake faɗa. Kafin a tashi daga aiki saƙo ya isa ga duk mai amfani da manhajar, da sunana a ƙasa. Washegari na je kamfanin robobin da kaina na yi wa manajansu bayani, na nemi Dogo na ba shi haƙuri, yana ta ɓoye hannunsa a bayansa don kada in ji nauyi. Tozo ya dawo, kuma yanzu ba ya tafiya sai mai zanen ya cire shi da kansa, bayan an tambaye shi sau biyu.

Yaya ya koma aikinsa. Littafin nan na rubuta rufe ƙofa matarsa ta mayar da shi na jerin cefane. Asabar ta zagayo na je gidan kamar kullum. Shi ya buɗe ƙofar da kansa. Ba kowa a falon, ba baƙo, ba maƙwabci, ba wanda za a yi wa alfahari da ni. Mu biyu ne kawai.

Ya matsa gefe ya ba ni hanya, ya nuna mini kujerar baƙi.

"Sannu da zuwa, Injiniya," ya ce. "Bismillah, zauna."